Abin da Jumare Ya Binne a Gindin Aduwa

Duk garin Fakku babu wanda ya kai Jumare sanin cikin dabba. In aka yanka bijimi, tumbin kawai zai juya ya gaya maka ciyawar da ya ci da ciwon da ke cinsa. Wannan sanin ne ya sa masa taurin kai, don wanda aka saba tambaya ba ya son a koya masa.

Da farkon damina matarsa Inno ta fara kasa haɗiye tuwo. Loma sai ta tsaya mata a ƙirji, in ta bi ta da ruwa ta dawo. Aka sha saiwoyi, aka sha rubutu, shiru kake ji. Da ta koma kunu zalla sai ya ɗora ta a babur, suka ratsa taɓon hanyar Kebbe har asibiti a Tambuwal, inda wani likita mai suna Gazali kan zo duk bayan wata uku.

Likita ya zura mata siririn tiyo mai fitila ta baki, ya tsinko nama daga hanyar abinci, ya jefa a 'yar kwalba mai ruwan magani. Ya miƙa wa Jumare, ya ce, "Baba, wanga shi za ya gaya muna sunan ciwon. Ni gaba nika yi, da na tafi da shi. Ga takarda, ka kai shi Sakkwato cikin satin ga a duba da madubi."

A gida Jumare ya ɗaga kwalbar a hasken rana. Ɗigo uku, kowanne bai kai ƙwayar gero ba. Me za a gani a nan, shi da ke juya tumbi sukutum? Ga shi kuma naman ɗan Adam ne. A gidansu ko farce ba a yarwa, kuma mabiyiyar 'ya'yansu shida duk tana gindin aduwar bayan gida. Yaya naman matarsa zai yi ta yawo hannun baƙi, in sun gama su watsar a bola? Da hantsi ya ɗauki fartanya, ya yi bisimilla, ya binne kwalbar a gindin aduwar. Ya ce wa Inno ya ba wani direba.

Wallahi ba mugunta ba ce. Girmamawa ce ta zo da wauta a goye.

Duk Juma'a Inno kan tambaya, "Malam, sakamakon ya taho?" Shi kuwa ya ce aikin birni sai haƙuri. Gero ya yi kai, aka yanke, aka ɗaure. Kunun ma ya fara gagararta, ta rame har zobenta ya riƙa zamewa.

Da wata uku suka cika ya koma Tambuwal shi kaɗai, don Inno ba ta iya zama a babur. Ya faɗa wa likita gaskiya, kansa a sunkuye. Gazali bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya ciro wani ɗan gilashi daga jaka, ya ce yana yawo da shi ne saboda masu shakka, ya ɗora a ƙarƙashin madubin asibitin mai ƙara girman abu.

"Duba, Baba. Hanyar abincin mai lafiya ta."

Jumare ya kanne ido ɗaya ya leƙa. Tabon da bai kai farcen jariri ba ya buɗe ya zama fili guda, ja-ja da shuɗi. Likita ya riƙa nuna masa: can sama ƙwayoyi ne shimfiɗe bisa juna kamar jinkar ɗaki, su ke tare zafi da kaushin abinci. Ƙarƙashinsu laushi ne mai jijiyoyin jini da wuraren da ke fid da yauƙi. Can ƙasa tsoka hawa biyu, ɗaya ta zagaye, ɗaya ta miƙe, su ke tura loma.

"In ciwon daji na, jinkar ga ka watsewa, ƙwayoyin su nutsa ƙasa. Da munka gani tun sannan, da mun san abin yi da sauran ƙarfinta. Ka nemi mota ka kawo ta Sakkwato, Allah shi sa ba mu makara ba."

Shekara arba'in yana juya tumbi, ashe bakin ƙofa kawai ya sani. Kunya da nadama suka rufe shi, har ya kasa yi wa likita sallama.

Da la'asar ya iso gida, ya zauna a bakin tabarmar Inno ya kwashe komai ya gaya mata.

"Na gan ka ta kafar zana ran da ka tona," in ji ta.

"To, mi ya sa kika ta tambaya ta?"

"Jira nika ka faɗi da bakinka. Ba ni maishe ka maƙaryaci gaban ɗiyanka." Ta nisa, ta ɗora hannunta bisa nasa. "Ka fara binne ni tun damina, Malam, kuma ka yi shi da mutunci. Abin da ya rage, ka ƙarasa hakanan."

Ya tashi ya fita neman mota. Direban ya ce zai zo ranar Laraba. Ranar Talata Inno ta cika, Jumare ya ƙarasa binne ta.