Fila a Wutsiyar Jirgi

Shinkafar Malam Gwadabe ta fara nuna ke nan jan-baki suka sauka a fadamar Guri. Tsuntsayen nan kuwa ba su san Allah ya isa ba. Manoma suka haɗa kai suka ɗauko hayar wani ɗan ƙaramin jirgin feshi, ya sauka a fili bayan Haɗejiya. Bai ko huce ba wata saniya ta kai wa wutsiyarsa ƙaho, ta lotsa marfin nan mai motsi da ke ɗaga hancin jirgi ya kuma sauke shi.

Injiniya Muttaka, mai kula da jirgin, ya shafa wurin ya ce, "Kada wanda ya taɓa. Zan je Kano in ɗauko littafinsa da ma'auni, gobe ina nan."

Gobe! Ran Gwadabe ya ɓaci matuƙa. Lotsawar da ba ta kai tafin hannu ba ce sai an je Kano? Wannan ai rainin hankali ne, kamar Haɗejiya ba masu hannu. Injiniya na juya baya Gwadabe ya ɗauko Usaini mai gyaran bodin mota. Usaini ya cika wurin da fila, ƙullun nan na cike lotsawar mota, ya goge, ya fesa fenti har sau biyu. Kafin la'asar wutsiya na sheƙi, ka rantse sabuwa ce.

Da safe Muttaka ya dawo, ya gani, ya dafe kai. Ya kwance marfin ya ɗora a ma'auni gaban manoma, sai bayansa ya rinjaya ƙasa.

"Malam Gwadabe, wannan marfin a awo yake. Ko fenti aka ƙara masa sai an sake gwada nauyinsa. Da wannan filar, a sama zai kama karkarwa har ya ɓalle, da mutum a ciki. Ba zan sa hannu ba."

Gwadabe ya ce, "Haba Injiniya! Daga taimako? Dubi aiki fa!"

"Lotsawar jiya littafi ya yarda da ita, ga shafin. Da yanzu muna sama. Yanzu kam sai an kawo wani, mako biyu."

Mako biyu, ko kara tsuntsayen ba za su bari ba. Manoma suka yi ca a kan Usaini, har da masu cin kwalarsa.

"Ku sake shi," in ji Gwadabe. "Ni na kawo shi."