Rahmatu Ba Za Ta Hau Mota Ba

Mukarrama na zaune a gindin mangwaro a bayan garin Kurmin Kogi, tana cire ƙaya daga silifas, wayarta ta yi ƙara. Anti Wasila ce, shugabar ƙungiyar marubutan da take ciki, mai zauren WhatsApp inda dubban 'yan mata ke karanta labari kullum da safe. Ta nan kaɗai duniya ta san Mukarrama na rubutu. A gidansu a Ikara cewa ake ta cika latse-latsen waya.

"Anti, ina wuni? Ya gida, ya yara?"

"Lafiya lau. Na karanta babin da kika turo. Wai har yanzu Rahmatun nan taki a ƙasa take tafiya?"

"A ƙasa take, Anti."

"Budurwa, da jaka a baya kamar mai tallar magani, ita kaɗai daga wannan ƙauye zuwa wancan? Iyayen yara sun fara magana. Ki kawo wani ɗan Alhaji da mota ya tsince ta, ya kai ta Abuja. In la'asar ta yi ba ki gyara ba, sai dai ki yi haƙuri, zan cire ki."

Tun da aka fara saran rake Mukarrama ta goya jakarta. Ta ce wa Baba ziyarar dangi za ta, kuma ba ƙarya ta yi ba, don tana da gwaggo a Kudan da yaya a Makarfi. Tsakanin gidajen biyu ne dai ta ƙi bin titi. Ta hau bayan motar rake, ta tsaya inda ake dafa mazarƙwaila har hayaƙi ya kama mayafinta, ƙafarta ta yi bororo ta fashe. Duk abin da ta gani da rana, da yamma sai ta ɗora wa Rahmatu, yarinyar cikin labarinta.

Ita kuwa Anti Wasila, Allah Ya ƙara mata lafiya, rabonta da taka inda ba kwalta tun ƙuruciya. Da ta taka, da ta san ba a barin baƙuwa ta tafi ita kaɗai a nan. Duk gidan da Mukarrama ta kwana, da safe uwar gida za ta ce wa 'yan mata su taka mata. Su kuma ba su juyawa sai sun danƙa ta a hannun wata da suka sani, mai zuwa kasuwa ko mai dawowa daga niƙa. Haka aka yi ta miƙa ta hannu zuwa hannu, kamar tulu a bakin rijiya. Ta rubuta wannan tun farkon labarin, Anti dai ba ta yarda ana yi ba.

Yau a hannun Mairama take, wata Bafulatana sa'arta mai sayar da nono, wadda za ta kai ta hanyar Saulawa. Jiya da yamma Mukarrama ta karanta mata labarin har inda aka tsaya, Rahmatu na tsaye a bakin rafi tana shawarar ko ta koma gida.

Suka ci gaba da tafiya, Mairama a gaba da ƙwarya a ka. Tsoro ya kama Mukarrama, tsoro na gaske. Ba ta da kowa a harkar rubutu sai Anti, kuma wanda aka cire daga zaure, nan da nan ake manta sunansa. Ta ciro waya ta rubuta: "Sai ga wata baƙar mota ta tsaya." Ta ɗaga kai ta dubi hanyar. Ko babur sai an sauka an tura. Ta ina motar za ta ɓullo, ta cikin gonar dawa? Haushi ya turnuƙe ta, ta goge, ta danna wajen ɗaukar murya.

"Anti, ki gafarce ni, ke babba ce. Amma Rahmatu ba ɓata ta yi ba, balle a tsince ta. Ba ta taɓa tafiya ita kaɗai ba, ni shaida ce. Ba zan sa ta a mota ba."

Ana kiran la'asar daga wani ƙauye suka iso wani rafi, ruwa iya gwiwa. Mukarrama ta duba waya. An cire ta. Babu ko sai anjima. Ta juya baya ta share hawaye da bakin mayafi, ta ji ciwon abin har ƙoƙon ranta.

Mairama ta gyara zaman ƙwaryarta, ta tattare zani.

"Ƙawa, tun jiya nake so in tambaye ki. Ita Rahmatun, ta tsallake ko ta koma?"

Mukarrama ta dubi mai karatu ɗaya da ta rage mata, wadda ko waya ba ta da ita. Ta sunkuya ta cire silifas.

"Ta tsallake," in ji ta. "Shiga gaba, ki nuna min inda ba zurfi."