Gaisuwar Gershon a Gidan Baba Kumai

Tun ranar da Afiniki ta faɗa a wurin koyon waƙa na coci cewa tana son fim ɗin Chainis, Gershon bai ƙara samun sukuni ba. Wata uku yana tsalle a bayan gidansu a Kafanchan, yana naushin itacen mangwaro, yana gaida kowa irin ta jaruman fim: dunƙulen hannu cikin tafi, a ɗan sunkuyar da kai.

Ranar Asabar ya je gaida mahaifinta karo na farko. In Baba Kumai ya ƙi shi, magana ta ƙare, don Afiniki ba ta tsallake maganar babanta. Ta riga ta ja masa kunne: "Ka durƙusa har ƙasa, ka ji ko?"

Ya tarar da tsohon a tsakar gida yana tsaga citta. Gwiwoyin Gershon suka ƙi lanƙwasuwa. Kafin ya ankara ya dunƙule hannu cikin tafi, yana tsaye ƙiƙam.

Afiniki ta rufe fuska da faranti.

Baba Kumai ya ajiye wuƙa, ya miƙe a hankali. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya baza hannuwa kamar zalɓe.

"Kai, faɗa ka zo yi?"

"A'a, Baba! Gaisuwa ce!"

"Ni za ka gaya wa? A fim, baƙon da ya shigo gida ya yi haka, dambe yake nema. Tun ba a haife ka ba nake kallonsu a silima. Wa kake tsammani ya koya wa Afiniki?"

Daga kicin Mama Lai'atu, matarsa, ta ɗaga murya: "Baban Afiniki, sauke ƙafan nan kafin ka faɗi a kan cittana!"

Ya sauke yana haki.

"To, kai akta ne ko bos?"

Sai a lokacin Gershon ya durƙusa. "Ɗalibi ne, Baba."

"Yauwa. Me ɗalibi yake fara yi a gidan malam?"

"Ɗiban ruwa."

"Muna da famfo. Ga wuƙa."

Har la'asar Gershon yana tsaga citta, yatsunsa na raɗaɗi. Da Afiniki ta kawo masa kunu, ta kasa haɗa ido da shi saboda dariya, shi kuwa ji ya yi kamar ya tsage cittar garin duka.

Baba Kumai ya leƙa kwandon, ya jujjuya.

"Hannunka bai faɗa ba tukuna. Ka dawo Asabar mai zuwa." Ya ajiye kwandon. "Ka zo da kawunka, mu yi magana."