Sahun Ƙarshe a Rawar Polonez

Shekara ashirin da tara Pani Danuta, wato Malama Danuta, tana tsaron ɗakin rataye riguna a sakandaren garinsu, can ƙasan bene. Ba ta da yawan magana, amma ta san kowane ɗalibi da rigar sanyinsa, ta san wanda ya sha kuka a banɗaki kafin ya zo karɓar tasa.

Ita ta fara ganin rigar Kalina ranar da aka rubuta "'yar maɗigo" da jan fenti a bayanta. Ta kankare shi da sabulu kafin a tashi. Kalina, 'yar ajin ƙarshe mai gashi a aske, ta karɓi rigar ta shinshina.

"Pani Danuta, gobe in sun sake ki bar shi. Ba ni na rubuta ba, ba ni zan ji kunya ba."

Maganar ta hana Danuta sakat. Ita ce ta sa ta fara hawa bas duk Asabar zuwa babban gari, inda wata ƙungiya ke koyar da yadda za a kare irin su Kalina a makaranta. Su bakwai ne, akwai iyaye, akwai nas, akwai wani direba. Mai koyarwar, Mirek, tsohon malami ne mai sanƙo. Yakan ɗaura lakataye ya zama shugaban makaranta, ya ce a zo a tunkare shi.

Da aka zo kan Danuta, sai ta tsaya ƙiƙam da kofin shayi.

"Na'am, Pani? Ina da taro."

Danuta ta ƙura wa kansa ido.

"Kin zo duba lafiyar sanƙona ne?"

Aka kwashe da dariya. Mirek ya kwance lakatayen. "Ba sai kin iya faɗa ba. Tambaya ɗaya ce: a wace doka aka rubuta? In ya yi ta kame-kame, ki ce ya rubuta ya sa hannu. Kuma kar ki yi yaƙi ke kaɗai, duba waye abin ya shafa bayan ke."

A Janairu aka fara gwajin polonez, rawar da 'yan ajin ƙarshe ke buɗe bikinsu da ita, kwana ɗari kafin jarrabawa. Bibbiyu ake jerawa, hannu cikin hannu. Mata sun fi maza yawa a makarantar, don haka tun fil azal matan da suka rage kan haɗu da juna, ba wanda ya taɓa ɗaga gira. Bana sahu shida ne na mata. Da aka manna takarda a allo, biyar aka gani. An soke Kalina da budurwarta Roksana.

Roksana ta sauko wurin riguna ido jajir. "Wai kowacce ta nemi wata."

"Ni da ita zan yi," in ji Kalina, "ko a kan titi ne."

Danuta ta kulle ɗakin, ta hau bene da rigar aikinta. Shugaban makaranta, Pan Zawada, ko ɗaga kai bai yi ba.

"An sace wa wani hula ne, Pani Danuta?"

"Pan Darakta, a wace doka aka rubuta cewa Kalina ba za ta yi rawa da Roksana ba?"

Sai a lokacin ya dube ta. Ya yi zancen al'ada, ya yi zancen limamin coci da zai halarta, ya yi zancen sunan makaranta.

"To a rubuta min, a sa hannu."

"Wa ya zuga ki? Aikinki riguna ne."

"Rigunan suna nan ƙalau. Takardar nake jira."

Ya san ba zai iya rubuta sunan yara biyu kaɗai ba. Don haka ya ja takarda cikin fushi ya rubuta cewa bana babu mace da za ta yi rawa da mace, kowa da kowa. Ya buga hatimi ya tura mata. "Ga adalci. Kin gamsu?"

A kan matakala ta sake karantawa, sai ta tsaya. Yara goma ya kora daga rawa ke nan, bayan biyun farko. Yara goma da uwayensu suka gama ɗinka musu dogayen riguna tun Nuwamba. Danuta ta san uwayen nan kaf, wasu ma ita ta rataye musu riga suna ɗalibai. Ta zauna a kujerarta ta ciro waya. Matar da ba ta iya gaisuwa mai tsawo, ranar mutum goma ta kira.

Washegari da safe takwas suka zo, takalmansu duk ƙanƙara. A gaba akwai Pani Grażyna mai sayar da nama, wadda ba ta fashin coci. Har ƙasan bene ana jin muryarta.

"Na yi polonez da mace a zauren nan, Pan Darakta, kai kana aji biyu kana sharɓar majina! 'Yata za ka hana?"

Kafin azahar an cire takardar, an maido sahu shida. Grażyna ta ci karo da Kalina a bakin ƙofa, ta dube ta sama da ƙasa.

"Ba don ke na zo ba, yarinya."

"Na sani, Pani. Na gode duk da haka."

"Ki dai bar gashin nan ya fito. Kamar soja."

Pan Zawada bai haƙura gaba ɗaya ba. A sabon jerin ya jefa su sahu na talatin da biyu, na ƙarshe, can jikin ƙofa inda mai hoto ba zai kai ba.

Ranar gwaji na gaba Danuta ta laɓe a bakin zauren wasanni da tarin makullanta. Kiɗa ya tashi, layi ya zagaya sau biyu, taku biyu rusunawa ɗaya. Sai malamar rawa ta tafa ta ce, "Rumfa!" Kowane sahu ya fuskanci juna ya ɗaga hannuwa sama, aka yi doguwar hanya daga ƙofa har gaban kujerun manyan baƙi. Malamar ta waiwaya baya.

"Sahun ƙarshe ke fara ratsawa. Ku taho."

Pan Zawada, da ke riƙe da hannun shugabar ɗalibai a sahun farko, ya waiwaya ya hango su can jikin ƙofa.

Kalina ta ja Roksana suka shiga. A tsakiya wani ƙato mai suna Olek ya sauke hannunsa ya tare hanya yana murmushi. Kiɗa bai tsaya ba.

"Ɗaga, Olek," in ji Kalina, "ko in ɗaga maka."

Abokiyar rawarsa ta taka masa ƙafa da tsinin takalmi. Hannun ya tashi. Suka ci gaba da ratsawa, sahu bayan sahu, har suka iso na farko, inda Pan Zawada ke tsaye hannunsa a sama, yana kallon rufin zauren. Roksana ta sunkuyar da kai za ta wuce.

"Miƙe," Kalina ta ce mata. "Akwai wuri."