Kasuwa Biyu Babu Masu Nono

Ummulkhairi ta tura takardar gaban Alhaji Tajuddeen, shugaban ofishinsu, ta koma gefe ta tsaya. Aikinta a wannan ƙungiya mai raba taki shi ne ta zaga kasuwannin Gusau da Tsafe da Bunguɗu, ta dawo ta faɗi hanyar da mota za ta iya bi. In ta shafa wa hanya kore a takardar, lafiya lau, ja kuwa kada a kuskura. Yau ja ta shafa wa hanyar Mada.

Alhaji ya ce shi fa bai ga dalili ba. Ba a yi harbi ba, ba a tare kowa ba, ga zaɓe ya matso, manya sun riga sun yi shela cewa taki zai isa Mada gobe. To ita me ta gani?

Ta ce kasuwa biyu ke nan matan rugage ba su kawo nono ba. Tiyar gero ta yi tashin da ba a saba gani ba, 'yan siyasa sun raba wa matasa babura, masu awo na kwashe buhunansu tun kafin la'asar. Inna Asabe, wadda ta shekara shida tana sayar mata da man shanu, ta aiko mata cewa su kansu tsoro ne ya hana su fitowa.

Wai nono! Dariya ya yi, shi da ko Tsafe ba ya zuwa sai da rakiya. Ya ce ba zai tura wa masu ba da tallafi labarin ƙwarya ba. Ko ta mayar da shi kore, ko ta ajiye aikin, masu digiri na nan birjik suna jira.

Abin ya ƙona mata rai, ga kuma tsoro, don da aikin nan take riƙe da gidansu. Ta taga tana hango Malam Haliru direba, mai 'ya'ya bakwai, yana duba tayoyin motar da zai ja gobe.

"Ranka ya daɗe, ba zan canja ba. Ga biro nan, ka canja da hannunka. Amma Malam Haliru zai ji daga bakina."

"Kin san abin da kike yi kuwa?"

"Na sani."

Ta cire katin aiki daga wuyanta, ta ɗora masa a kan tebur, ta fito harabar ofis. Malam Haliru ya saurare ta har ta kai aya, bai ko murmusa ba. Ya goge hannu da tsumma, ya zare makullin motar ya miƙa wa maigadi, ya ce a kai wa Alhaji, a gaya masa tankin a cike yake.