Wasiƙar da Ba a Aika wa Baba Martins Ba

Motoci uku ne suka shigo gonar inabin da ke jihar Maryland ta Amurka a jere, a hankali kamar masu rakiyar amarya. Chundung, ma'aikaciyar gonar, na tsaye a bakin taga da tiren kofuna a hannu, tana hango motar da ke gaba ta gane ta. Tsohuwar mota ce ruwan toka, ta Baba Martins. Ta dire tiren, don ta san abin da ke tafe.

Mutum tara suka fito, ban da shi. Baba ya sha babbar riga fara ƙal, wadda Chundung ta san ba ta barin akwati sai Kirsimeti ko ɗaurin aure. Ɗansa Raymond na riƙe masa ƙofa. Sauran baƙi ne daga Jos, dangin yarinyar da Raymond zai aura. Baba ya ɗaga sandarsa yana nuna musu tsohuwar bishiyar da ke kan tudu da dogon teburin da ke ƙarƙashinta. Idonsa bai kai ya ga cewa teburin cike yake ba, ma'aikatan wani kamfanin kwamfuta ne daga Germantown, har sun ɗaura balan-balan a reshe.

Shekara goma sha ɗaya ke nan Baba Martins yana cikin kulob ɗin gonar. A zamanin tsoho Gregory, wanda ya dasa inabin da hannunsa, tsarin ba wuya: duk bayan wata uku mamba ya zo ranar Asabar ya ɗauki kwalinsa na ruwan inabi, ya zauna a dogon tebur shi da duk wanda ya ga damar kawowa. Baba da marigayiya matarsa, Mama Debbie, suna cikin mambobin farko, tun daga Largo suke tuƙowa. Abin dariyar shi ne Baba ba ya sha, likita ya hana shi tun kafin ya yi ritaya daga aikin jinya. Kwalaben na bukukuwan 'yan coci ne. Shi dai zaman ke kawo shi, da gaisuwa, da gardama da Gregory a kan ko ƙasar Maryland ta kama ƙafar ta garinsu Kagoro a albarka. Bayan rasuwar Mama Debbie ma bai taɓa fashi ba. Kuma shi ne ya kamo hannun Chundung, lokacin tana ɗaliba ba ta da aikin yi, ya kai ta gaban Gregory ya ce, “Ga 'yata.”

Bara Gregory ya sayar da gonar ya koma kusa da jikokinsa. Sababbin masu gona suka kawo manaja, Becky, mace mai kirki da zafin nama, wadda ba ta yarda da abin da ba a rubuce yake ba. Ta ce kulob ɗin ya tsufa, kuma da gaskiyarta. To wa ya zauna ya tsara sabon? Chundung ce da kanta, har aka yi mata tafi a taro. Yanzu sai ka kama wuri ta waya, baƙi kada su wuce huɗu, dogon tebur kuwa ya zama na haya. Tsofaffin mambobi aka yi musu alfarma ɗaya: za a aika wa kowa imel, wanda ya sa hannu da kansa cikin kwana sittin a bar masa haƙƙinsa na da, ya faɗi ranarsa a ajiye masa teburin. Wanda ya yi shiru, na'ura ta ɗauka ya fita.

Ranar da za a aika wasiƙun, Chundung ta buɗe ta Baba don ta duba. Na'ura ta rubuta sunansa tsirara a sama, Martins, ba Baba ba Malam, kamar ana kiran yaro ya kawo ruwa. A ƙasa kuma ga sunanta, ita ce mai sa hannu. A ina aka taɓa yin haka? Dattijo ɗan shekara saba'in da huɗu, wanda ya yi maka hanyar abinci, ka aika masa takarda kana ba shi wa'adi? Irin wannan magana takawa ake yi har gida, a durƙusa, a gaisa, sannan a faɗa. Ta sa yatsa ta cire sunansa daga jerin, tana jin kanta 'yar mutunci wadda Amurka ba ta lalata ba.

Takawar ce ta gagara. Sau huɗu ta gan shi a coci, ta ce coci ba wurin wannan magana ba ne. Sau ɗaya ta yi ta maza ta kama hanyar Largo, ta sha cunkoson motoci awa ɗaya da rabi. Baba ya yi murna kamar ya goya ta. Ya ɗumama mata gwate da hannunsa, ya zauna yana kallon ta tana ci, yana ba ta labarin surukan Raymond. “Idan sun samu biza,” in ji shi, “ba otal zan kai su ba. Gonarmu zan kai su, su ga muna da wuri a ƙasar nan.” Maganar na bakinta, sai ta haɗiye ta da gwaten. Ta ce a ranta biza ai ba yau ba, akwai lokaci. Daga nan aka shiga tsinkar inabi, aiki ya sha kanta, kwana sittin suka cika. Da ta farga, gyaran sai ta hannun Becky, kuma zuwa wurin Becky na nufin ta ce ita ta taɓa jerin. Ta ce sai Litinin, kuma Litinin uku suka wuce.

Yanzu ga shi ya iso bakin ƙofa. Chundung ta fita da sauri, ta russuna har ƙasa.

“Sannu da zuwa, Baba. Sannunku da zuwa. Yaya hanya?”

“Tashi, tashi, 'yata.” Ya juya ga wani dattijo mai jar hula, uban amarya. “Malam Jang, ga yarinyar da nake gaya maka. 'Yar Filato ce kamar ku. Ita ke riƙe da wurin nan, Turawan suna ne kawai.”

Aka yi dariya. Malam Jang ya tambaye ta ƙauyensu, ya ce ya san kawunta. Matan suka rungume ta. Kowace gaisuwa ji take kamar ana ɗora mata dutse a ka.

Sai ga Becky da kwamfutar hannu da murmushin aiki. Ta gaishe su da Turanci, ta tambayi sunan da aka kama wuri da shi. Baba ya faɗi sunansa yana dariya, irin dariyar mutumin da aka tambaya sunansa a ƙofar gidansa. Becky ta duba, ta sake dubawa. Murmushin ya ragu. Ta ba shi haƙuri, ta ce sunansa ba ya cikin mambobi tun watan jiya, teburin kuma an ba da shi har yamma. Ta ce sau uku aka aika wa kowa sanarwa.

“Ban ga komai ba,” in ji Baba.

Raymond ya karɓi wayar mahaifinsa ya bincika ko'ina, har kwandon sharar imel. Ya ce da Turanci babu ko ɗaya. Becky ta juyo ta dubi Chundung, ba da zargi ba, neman taimako kawai take, ta tambaye ta yadda aka yi haka.

Mutum goma sha ɗaya suka zuba mata ido. Iska ta kawo shewar masu balan-balan daga kan tudu. Chundung ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne, “Wataƙila na'ura ce ta tsallake shi.”

Ba ta taɓa sanin ƙarya na fita da sauƙi haka ba. Kunyar da ta hana ta gaskiya wata uku ba ta hana ta wannan ba ko na daƙiƙa.

Becky ta ce doka ba ta ba ta damar tayar da waɗanda suka riga suka zauna ba, ɗakin ciki kuma ya cika. Sai dai mutum huɗu za su iya tsayawa a gaban kantar sayar da ruwan inabi. Baba ya dubi baƙinsa, tsofaffi uku a cikinsu, ɗaya da ciwon gwiwa. Malam Jang ya yi saurin cewa ba komai, ai ganin wuri ma ya isa. Wannan “ba komai” ɗin ta fi zagi ciwo, Chundung ta ga yadda kafaɗun Baba suka sauka a cikin babbar rigar.

Ita ta roƙi Becky a ba su teburin ma'aikata, a bayan rumfar da ake matsar inabi. Nan aka zaunar da surukan da suka ƙetaro teku, kusa da tulin ɓawon inabi da ya fara tsami, ƙudan zuma na shawagi a kansa. Ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta kwaso kujeru daga ofis, ta kawo cuku da burodi da kwalaben da suka fi kowanne kyau, ta kawo wa Baba ruwa mai sanyi. Gudu take yi kamar gudun zai biya wani abu. Matan suna kore ƙudan da gefen gyale, suna yaba kyan wurin da ƙarfi fiye da kima.

Tana zuba wa Malam Jang ta ji Baba na ce masa, “Ka ga yarinyar nan? Ita nake tausayi. Sun sa ta a tsakiya. Da ta san da wannan magana, wallahi da ta zo har gida ta gaya mini. Na san wadda ta haife ta.”

Jan ruwan inabin ya kuɓuce mata ya ɗiga a kan farin ƙyallen. Ta ce a yi haƙuri, ta koma ciki. A bayan ganguna ta tsaya, ta toshe baki da hannu. Ba tsoron Becky take ji ba, ba kuma tsoron aikinta ba. Kanta ta tsana, tsana mai sanyi, don ta gane tun farko ba mutuncin Baba take karewa ba. Fuskarta take karewa, kada ta ga idonsa a lokacin da zai ji cewa 'yarsa ce ta tsara dokar da ta tashe shi.

Becky ta same ta a nan. Ta ce abin ya dame ta ƙwarai, mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya a kulob ɗin bai cancanci haka ba. Za ta yi magana da masu gona a mayar da sunansa da duk haƙƙinsa, in ya so. Ta ce Chundung ta gaya masa kafin ya tafi, tunda ita yake jin maganarta.

Baƙin ba su daɗe ba. Kafin la'asar sun nufi motoci. Raymond ya zaunar da mahaifinsa a baya ya koma taimaka wa mai ciwon gwiwa. Baba na zaune shi kaɗai, ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a waje. Da ya ga Chundung na tahowa ya riga ta magana.

“Ki yafe mini, 'yata. Na ja miki kunya a gaban manajarki. Da na kira ki tukuna.”

Ta durƙusa a kan tsakuwa, gwiwa biyu.

“Baba, ba na'ura ba ce. Ni ce na cire sunanka. Na ce zan zo in gaya maka da bakina, na kasa. Dokar ma ni na rubuta ta.”

Ya dube ta, ya daɗe, sannan ya kawar da kai ya dubi layukan inabin da ganyensu ya fara ja. Ta ji numfashinsa yana fita da ƙyar. Ta so ya yi faɗa, ya ɗaga sanda, ya kira ta da duk sunan da ya ga dama.

“Manaja ta ce za a mayar da sunanka, Baba,” ta ce da sauri. “Da teburin, da komai, kamar da.”

“Tashi,” ya ce ƙasa-ƙasa. “Baƙi na kallo.”

Ta waiga. Malam Jang da matan sun tsaya a jikin motarsu, suna kallo kuwa. Baba ya ɗora hannu a kanta, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya sa mata albarka: Allah ya ƙara mata girma a wurin aiki, Allah ya ba ta miji nagari, Allah ya saka mata hidimar da ta yi wa baƙinsa yau. Matan suka amsa da amin, ɗaya har da cewa irin waɗannan yara sun yi ƙaranci a zamanin nan. Chundung kaɗai ta san don idon baƙi ya ɗaga muryar.

Ya janye hannun, ya shigar da ƙafarsa, ya tattara bakin rigarsa kada ƙofa ta kama.

“Ki yi wa manajarki godiya,” ya ce, murya ta koma ƙasa. “Ki ce mata kada ta wahalar da kanta. Na tsufa da tuƙin nan.”

Raymond ya zo ya rufe ƙofar. Motocin suka juya suka bi hanyar fita. Matan Jos suna ɗaga mata hannu ta taga suna murmushi, ita ma dole ta ɗaga nata, ta riƙe shi a sama har mota ta ƙarshe ta sha kwana.