Akwai Gada, Babu Gada

Likitocin idon da suka zo Marwa daga waje mako guda kawai za su yi, kuma ranar Juma'a suka ba Iya. Tun bara cutar yana ta rufe mata ido biyu. Matar da take hango kwalekwalen babanmu tun yana tsakiyar kogin Logon, yau sai an riƙe mata hannu zuwa bayan gida. Abin yana ci mini rai, kuma ni in abu na cina, kowa a gidan sai ya ɗanɗana.

Matsalar ita ce Alhamis ɗin hutu ne a wajenmu nan Kusiri, sallar Kiristoci ta tsakiyar Agusta. In hutu ya faɗo Alhamis kuwa, ma'aikata ba su da zance sai na gada, wato ko gwamnati za ta haɗa musu da Juma'a su zarce har Litinin. Ba a sanarwa da wuri. Sai kowa ya gama shirinsa rediyo zai yi magana, wani lokacin ma ya yi gum. Ni bandar kifi nake sayarwa, ba ni da hutu balle gada, amma rabin masu sayen kifina 'yan ofis ne, kalmar ta zauna mini a baki.

Ƙanena Alifa shi a Njamena yake gyaran firji, kullum sai ya haye kogi a babur. Su can sun ci nasu hutun tun Litinin, na samun 'yancin kai. Da ya dawo ran Talata da yamma na tare shi tun bai kafe babur ba.

"Ka gaya wa maigidan naka?"

"Na gaya masa, Yaya Ashta. Na ce Alhamis hutu ne, ya ce a wace ƙasa. Na ce wataƙila Juma'a ma da gada, ya ce in an rufe gada in shigo kwalekwale."

"To ya ba ka ko bai ba ka ba?"

"Ya ba ni kwana biyu, amma ya ce daga su sai Babbar Sallah. In muka je a banza, shi ke nan."

Iya tana kan tabarma tana jinmu. Ta ce, "Wace gadar za a rufe?" Na ce babu wadda za a rufe, ta kwantar da hankalinta. Ban ga amfanin cika wa tsohuwa kai da shirmen 'yan ofis ba.

Na kira asibitin har kunnena ya yi zafi, ba a ɗauka ba. Sai na kira Barka, ɗan kawunmu da ke koyarwa a Marwa.

"Yaya, ana dai cewa akwai," in ji shi.

"Wa ke cewa?"

"Mutane. Ni kin san muna dogon hutu, gada ba ta gabana."

"Malamin banza. Ba za ka taka ka tambayo mana ba?"

Ya taka ɗin. Wani a bakin ƙofa ya ce masa akwai, wata a ciki ta ce ba ta ji ba, na uku ya ce ko da akwai, ai likitocin baƙi ne, ba ruwansu da hutunmu. Na ajiye waya kaina ya fi ɗaurewa.

Ran Laraba na rufe kifina na tafi tasha, don direba ya fi rediyo labari. Na sami Adum, wanda ya iso daga hanyar Marwa da safen nan, motarsa duk laka har rufi.

"Malam Adum, kai da ka fito can, me ake ciki game da gada?"

"Babu gada, Hajiya."

"Ka tabbata? An ce mini akwai."

"Wanda ya ce miki akwai bai fita daga ɗakinsa ba. Tun shekaranjiya kowa ya sani."

Na ce alhamdu lillahi, har da tafa hannu. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Ke ce ta farko da na ga tana murna da wannan labari."

"Ai sai malalata za su yi baƙin ciki. Gobe za ku tashi?"

"Za mu tashi, amma sai haƙuri."

Hanyar Marwa da damina dama haƙuri ce tun daga farkonta, don haka ban kawo komai a raina ba. Na koma gida na ce wa Alifa magana ta ƙare, Juma'a ranar aiki ce. Iya ta sa aka ciro mata lafayarta mai ruwan zuma, wadda ba ta sawa sai biki. Ta ce ba za ta fara ganin kanta cikin tsumma ba.

Ran Alhamis mun wuce Waza da azahar sai mota ta tsaya bayan dogon layin manyan motoci. Adum ya ce kowa ya sauka da kayansa. Na bi mutane zuwa gaba, na ga hanya ta yanke, jan ruwa yana ta gudu, guntun siminti ya kife a tsakiya.

Na dawo a fusace. "Malam Adum, ina gadar nan?"

"Hajiya, ba jiya na gaya miki ba? Har kika tafa."

Alifa ya buɗe baki zai yi magana, na ce ya rufe shi. Har yau cewa yake laifina ne. Ni ban yarda ba. Mutum zai ce babu gada a makon hutu, bai ce wace iri ba?

"To yanzu Juma'ar fa?" in ji Alifa. "Akwai ko babu?"

Babu wanda ya sani a cikin motar. Wani soja mai ritaya ya ce akwai, wata mai jariri ta ce mijinta ma'aikaci ne kuma babu. Waya ba ta kamawa a wurin. Komawa baya kuwa ba zancen yi ba ne, tunda ran Asabar likitocin za su tafi.

Alifa ya naɗe wando ya goya Iya. Ruwan ya kai masa ƙugu. Ni ina biye da ƙunshin lafaya a ka, ina kai hannu in tare shi duk lokacin da ya yi tangal-tangal. Iya ta ƙanƙame wuyansa tana salati, sai na ji tana tambaya, "Ashta, ba kin ce ba za a rufe gada ba?" Na ce ba rufewa aka yi ba, tafiya ta yi. Ta ce, "Ina ta je?"

A ɗaya gefen muka sami wata motar, muka kwana a Mora wajen wata 'yar uwa. Iya ba ta karya ba, don an ce kada ta ci komai kafin aiki. Da hantsi muna ƙofar asibiti, tana sanye da lafayarta.

Ƙofar a rufe take. Wani maigadi dattijo yana zaune a benci, rediyo a cinyarsa.

"Baba, wajen likitocin ido muka zo."

"Ayya. Ba ku ji ba? Yau gada. Jiya da yamma aka faɗa."

"Babu gada," in ji Iya. "Ni a bayan ɗana na haye."

Maigadin ya dube ta, ya dube ni. Ya ce baƙin sun zo da sassafe sun tarar babu masu taya su, mai makullin ɗakin aikin ma ya tafi ƙauyensu. Sun jira, sun gaji, sun kwashe kayansu sun nufi Garwa. Sai baɗi kuma, in Allah ya kai mu.

Alifa ya tsuguna a ƙasa ya dafe kai. Ni na fara zazzaga wa dattijon masifa, alhali na san ba shi ya yi hutun ba. Iya ta lalubo hannuna ta ja.

"Ki bar bawan Allah. Ku dai gaya mini, an gyara gadar ne cikin dare?"

Dole na zauna kusa da ita na yi mata bayanin da na ƙi yi tun Talata. Na ce wannan gadar ba ta ruwa ba ce, rana ce, ma'aikata ke hawa su haye daga hutu zuwa hutu.

"Rana ce gada," Iya ta ce a hankali. Ta juya fuskarta wajen da take jin rediyo. "Ɗana, baɗin wace rana za su zo? Ka duba mini ko ita ma tana da gada."

Maigadin ya ce, "Wallahi Iya, ba a sani sai ana gobe."

Ta gyaɗa kai. Ta gyara lafayar a kafaɗa, ta ce in taimaka mata ta cire ta ta mayar da ta jiya, kada ruwan komawa ya ɓata ta. Ina naɗe lafayar, hawaye na zuba, na danne numfashi don kada ta ji. Tun da idon nan ya rufe, ranar ce kaɗai na gode wa Allah da ba ta ganin fuskata.